Gajarta da Sana'ar Tallar Tufafi a Birnin Jidda

A cikin watan Yuni na shekarar 2018 aka yi wani bikin nuna tufafi a wani babban otal na birnin Jidda, wanda labarinsa ya zaga duniya. Abin da ya sa ya zaga kuwa shi ne, babu mace ko ɗaya da ta sa rigunan ta yi tafiya a gaban jama'a. An rataye su ne a jikin waɗansu ƙananan jirage marasa matuƙa, suna ta shawagi bisa kawunan 'yan kallo, sai ka ce iska ce ta tsinke igiyar shanya. Wata biyu kafin wannan an yi wani bikin a Riyad, inda mata suka hau dandamali, amma mata zalla aka bari su shiga kallo, aka kuma taƙaita ɗaukar hoto.

Daga nan al'amura suka sake da sauri. A shekarar 2020 gwamnatin Sa'udiyya ta kafa Hukumar Tufafi a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, kuma a watan Oktoba na 2023 aka buɗe Makon Tufafi na Riyad karo na farko, inda 'yan matan ƙasar suka yi tallar ɗinkin maɗinkan ƙasar a bainar jama'a. Ta haka wata sana'a ta tsiro, wadda a dā ba a ko ambatonta a gidajen mutunci, watau sana'ar sanya tufafi ko kayan ado domin a ɗauki hoto ko a yi tafiya gaban masu saye. Sana'ar ta iso ne tare da dokokinta da aka shata a Paris da London da New York, kuma ta farko a cikinsu, wadda ta fi kowace hana mutane shiga, ita ce dokar tsawo.

Unguwar Bani Malik wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan batu. Tsohuwar unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, kusa da filin da tsohuwar tashar jiragen saman Jidda take kafin a ƙaura zuwa sabuwa a 1981. Ita da ire-irenta, kamar su Karantina da Sabil da Hindawiyya, sun daɗe suna tara 'yan ƙasa da baƙi, mutanen Yaman da Indiya da Pakistan da Afirka. A cikin mutanen Afirkan akwai zuriyar Hausawa da Fulani da Barebari waɗanda kakanninsu suka taho a ƙasa ta Sudan, suka haye Bahar Maliya domin aikin hajji, ba su koma ba. Sunayen dangi irin su Hausawi da Fallata da Barnawi da ake ji a ƙasar Hijaz daga nan suka samo asali. Yarinyar da ta tashi a irin wannan unguwa, tana ganin hotunan masu talla a wayarta, tana kuma ganin kanta a madubi, tambayoyi biyu ne ke gabanta: ko tsawonta ya isa, kuma wane ne zai tsaya mata.

Wanda zai tsaya mata shi ne dillali. Bahaushe ya san dillali tun kafin zuwan Turawa, ya san dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshin atamfa da tasoshi, ya kuma san la'ada. Kamfanonin da ke wakiltar masu tallar tufafi aikinsu ke nan, sai dai hajarsu ita ce lokacin mutum da siffarsa. Su ne ke kai hotunan yarinya ga masu neman talla, su yi ciniki a madadinta, su karɓo kuɗi, su cire rabonsu. An ce matar da ta fara wannan aiki sosai ita ce Marie Vernet, matar Charles Frederick Worth, wani Bature ɗan Ingila da ya buɗe gidan ɗinki a Paris a 1858, yana sa ta tana sanya ɗinkinsa domin matan attajirai su gani. Kamfanin dillancin farko kuwa John Robert Powers ne ya kafa shi a New York a 1923. Bayansa aka sami na Ford a 1946, da Elite a Paris a 1972, da sauransu.

Ma'aunin da waɗannan kamfanoni suka daɗe suna bi ga mai hawa dandamali shi ne, mace ta kai tsakanin santimita 175 da 180, watau ƙafa 5 da inci 9 zuwa ƙafa 5 da inci 11. Namiji kuwa ana son ya kai santimita 183 ko ya ɗara. Mutane da yawa suna zaton wannan hukunci ne a kan kyau. Asalinsa hukunci ne na almakashi da kuɗi. Kafin biki, maɗinki yakan ɗinka kwaya ɗaya tak ta kowace riga a matsayin samfur, kuma dukkan samfuran a kan awo ɗaya ake yanka su. Yana iya samun riguna arba'in da 'yan mata ashirin, kuma ana iya sauya wadda za ta sa wace riga ana saura sa'a guda a fara. Idan duk tsawonsu ya yi kusa da juna, babu rigar da za ta ja ƙasa, babu hannun da zai rufe yatsu. Wannan samfur ɗin kuma shi ne za a aika wa mujallu su ɗauki hoto. Saboda haka rigar aka fara yankawa, sa'an nan aka shiga neman jikin da zai dace da ita. Maɗinkan suna ƙarawa da cewa yadi ya fi zuba a jikin doguwa, kuma wanda ke zaune a can baya ya fi hango ta. Akwai gaskiya a ciki, amma sabo ma yana da nasa rabo, domin idon da ya shekara hamsin yana ganin abu ɗaya shi zai ɗauka daidai.

To, matsakaicin tsawon mace a Sa'udiyya bai kai santimita 160 ba, haka kuma yake a Nijeriya. Ke nan ma'aunin ya ɗara yawancin matan waɗannan ƙasashe da kusan taƙi guda. Wadda duk unguwa ke kira doguwa, mai santimita 168, a idon dillalin Paris gajera ce. Taleedah Tamer, 'yar Jidda da ta zama mace ta farko daga Sa'udiyya da ta hau dandamalin manyan maɗinkan Paris a watan Yuli na 2018, doguwa ce, mahaifiyarta kuma 'yar Italiya ce da ta taɓa yin wannan sana'a. Hanyar da ta bi ba kowace yarinya ce za ta same ta a buɗe ba.

Ana yawan kawo misalin waɗanda suka tsallake dokar. Twiggy, wadda ta yi tashe a London a 1966, tsawonta wajen santimita 168 ne. Kate Moss, wadda Sarah Doukas mai kamfanin Storm ta tsinta a tashar jiragen sama ta New York a 1988 tana da shekara 14, wajen 170 ce. Mafi kusa da zukatan Musulmi ita ce Halima Aden, 'yar asalin Somaliya, wadda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a ƙasar Kenya a 1997, ta girma a Amurka. Tsawonta wajen santimita 166 ne, amma a 2017 kamfanin IMG, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, ya ɗauke ta da lulluɓinta, ta yi talla a New York da Milan. Sai dai a lura da abu guda: kowace a cikinsu ta zo ne da wani abin da kasuwa ke nema a daidai lokacin. Halima ta riga ta yi suna a 2016 sa'ad da ta shiga gasar sarauniyar kyau ta jihar Minnesota da hijabi, kuma manyan kamfanoni sun fara lissafin kuɗin da matan Musulmi ke kashewa a kan sutura. Sunayen irin waɗannan mata ba su da yawa, shi ya sa ma ake ta maimaita su. Yarinyar da ta ɗora burinta a kansu kamar manomi ne da ya ƙi shuka yana jiran tsintuwa.

Abin da ya fi amfani a sani shi ne, hawa dandamali ƙaramin sashe ne na sana'ar, kuma sau da yawa ba shi ne mai kuɗi ba. Makon tufafi 'yan kwanaki ne a shekara. Aikin yau da kullum yana wurin tallar kamfanoni, irin su bankuna da kamfanonin waya da masu sayar da abinci, waɗanda ke son fuskar da mai saye zai gani ya ce wannan kamar 'yar'uwata. Yana wurin tallar kayan kwalliya da turare da tabarau, inda daga kafaɗa zuwa sama kawai ake ɗauka. Yana wurin tallar gwal da agogo da lalle, inda hannu kaɗai ake bukata, da tallar takalma, waɗanda samfurinsu yawanci lamba 37 ne, lambar da ƙafar doguwa ba safai take shiga ba. A Amurka tun cikin shekarun 1940 wata maɗinkiya mai suna Hannah Troy ta fara yanka tufafi musamman domin gajerun mata, kuma har yau akwai rukunin kaya na waɗanda ba su wuce santimita 163 ba. Masu irin wannan ɗinki dole su nemi gajera su gwada a jikinta.

A Jidda akwai wata ƙofa ta daban, ita ce abaya. Lambar abaya tsawonta ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, galibi daga 52 zuwa 60, kuma da tsawon jiki ake zaɓenta. Mace mai kimanin santimita 160 lamba 54 takan ɗauka, mai 175 kuwa sai 60. Ɗimbin matan da ke sayar da abaya da kaftani ta intanet, waɗansu daga ɗakunansu, sun gane cewa mai saye tana son ta ga inda bakin rigar zai tsaya mata, shi ya sa kantuna da yawa kan rubuta tsawon mai tallar a ƙarƙashin hoto. Idan an nuna mata rigar a jikin wadda ta fi ta da taƙi guda, ta saya ta ga tana sharar ƙasa, mayarwa za ta yi, asarar kuwa ta mai kanti ce. A nan gajarta ta zama jari. Kasuwar takan cika gabanin azumi da sallah, sa'ad da kowane gidan ɗinki ke fitar da sababbin kaya, da kuma lokacin Ranar Ƙasa ta 23 ga Satumba da Ranar Kafuwa ta 22 ga Fabrairu, wadda aka fara bikinta a 2022, inda kamfanoni ke neman fuskokin 'yan ƙasa cikin suturar gargajiya. Gajerun samari ma nan suke samun shiga, wurin tallar jallabiya da turare.

Yadda ake tunkarar dillali bai da wuya, kuma bai kamata ya ci kuɗi ba. Kamfanonin ƙwarai suna neman hotuna ne 'yan kaɗan, waɗanda ko da waya aka ɗauka sun isa: fuska daga gaba, fuska daga gefe, da tsayuwa cikakkiya, cikin hasken rana, a jikin bango fari, babu kwalliya, babu gyaran na'ura. Sai awon jiki da lambar takalmi da tsawo. Ƙarin santimita uku a takarda ba ya haifar da kome sai kunya, domin ranar da aka kira yarinya za a sa ta cire takalmi a auna ta. Manyan kamfanoni sukan raba ma'aikatansu rukuni-rukuni, na dandamali daban, na tallar kasuwanci daban. Gajera da ta aika wa rukunin dandamali ta ɓata lokacinta, alhali kuwa wataƙila a ofis ɗin da ke maƙwabtaka da shi ana neman irinta. Shekara da shekaru Dubai ce cibiyar wannan dillanci a yankin, inda kamfanoni irin su Bareface da MMG suke, kuma daga can ake kawo 'yan matan Turai da Brazil su yi tallar kayan da matan Jidda za su saya. Yanzu ana samun kamfanoni a Riyad da Jidda kansu. Da yawa kuma daga cikin 'yan matan suna farawa ne babu dillali, suna yi wa ƙananan maɗinka da ɗaliban sashen zanen tufafi na Jami'ar Darul Hikma aiki, har su tara hotunan da za su nuna.

Wurin kuɗi ne ake cutar mutane. La'adar da aka saba ita ce kashi 20 cikin 100 na abin da mai talla ta samu, kuma dillali yakan karɓi wani kaso daga wurin mai kayan. Ma'anar wannan ita ce, dillalin gaskiya ba ya cin kome sai ya samo aiki. Wanda ya ce a fara biyan kuɗin rajista, ko kuɗin horo, ko lalle sai mai hotonsa ne zai ɗauki hoto a kan farashi mai tsada, to daga aljihun yarinyar yake nufin ci. Gajeru su ne suka fi faɗawa wannan rami, gama an kore su a wurare da dama, sai ga wani yana cewa tsawo ba kome ba ne muddin za a biya. Akwai kuma masu shigar burtu a Instagram da sunan manyan kamfanoni, su nemi hotunan da ba su dace ba, daga baya su juyo da barazana. A ƙasar da mutuncin yarinya ke ɗaure da na danginta, wannan barazana ta fi asarar kuɗi ciwo. Sa'udiyya tana da dokar laifuffukan na'ura ta 2007 da dokar hana cin zarafi ta 2018, kuma kowane kamfani na halal yana da lambar rajista da ake iya bincikawa a Ma'aikatar Ciniki.

Ko a hannun kamfanonin gaske akwai abin dubawa. Waɗanda ake kai wa ƙasashen waje sukan tarar an rubuta musu kuɗin jirgi da na masauki da na buga hotuna a matsayin bashi, su yi wata uku suna aiki su komo hannu wofi. Wannan ya sa jihar New York ta yi doka, wadda ta fara aiki a watan Yuni na 2025, ta hana la'ada ta wuce kashi 20, ta hana karɓar kuɗin sa hannu, ta kuma ce yarjejeniya kada ta wuce shekara 3. A Faransa kuwa dokar ƙasa ta ɗauki mai talla ma'aikaciya ce, kuma sai da lasisi kamfani ke yin dillancin. Inda babu irin wannan kariya, takardar yarjejeniya ita ce gatan yarinya. Ya kamata ta nuna tsawon lokacin da za a yi amfani da hoto, da ƙasashen da za a nuna shi, da kuma ko a waya kawai zai fito ko har da allunan bakin titi. Hoton da aka biya kuɗin yini guda a kansa yana iya shekara biyar a bangon kanti idan ba a rubuta iyaka ba.

Ga 'yar Bani Malik akwai wani ma'auni da ya fi na tsawo tsanani, shi ne na takarda. A Sa'udiyya ta wurin uba ake gadon zama ɗan ƙasa, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta isa ba. Saboda haka 'yan mata biyu suna iya tashi a lungu ɗaya, Larabcinsu ɗaya, kakanninsu duka daga Kano ko Borno, amma ɗaya 'yar ƙasa ce, ɗaya kuma da iƙama take zaune, wata ma ko iƙamar babu. 'Yar ƙasa tana iya karɓar takardar aikin kai daga Ma'aikatar Ƙwadago ta yi sana'arta. Mai iƙama kuwa izinin zamanta yana ɗaure da wanda ya tsaya mata da kuma aikin da aka rubuta, kuma karɓar kuɗin talla a wajen wannan laifi ne da zai iya kai ga tara ko kora. A watan Yuni na 2022 hukumar da ke kula da kafofin watsa labarai ta hana baƙi yin talla a shafukansu na sada zumunta ba tare da izini ba. A watan Oktoba na shekarar aka fara tilasta wa masu talla a shafukansu mallakar lasisin da ake kira Mausuƙ, wanda aka sa kuɗinsa riyal 15,000 na shekara 3. Wannan bambanci na takarda ya fito fili a rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021, wanda ya shafi unguwanni fiye da 60, ya kuma iso Bani Malik a 2022. Hukuma ta ce tana kawar da gine-ginen da ba su da tsari ne da maɓoyar masu laifi. An tanadi diyya ga 'yan ƙasa, baƙi kuwa ba su cikin lissafi, jama'a suka warwatsu zuwa wasu sassan birnin.

Launin fata ma yana cikin abin da ake aunawa, ko da ba a rubuta shi. Tallace-tallacen yankin sun daɗe suna fifita farar fuska. Amma a watan Yuni na 2019 mujallar Vogue Arabia ta sa Shahad Salman, baƙar yarinya 'yar Sa'udiyya mai larurar dabbare-dabbaren fata, a bangonta tare da Winnie Harlow ta Kanada. A can gida kuwa Nijeriya ta bi ta hanyar doka: daga 1 ga Oktoba na 2022 hukumar kula da talla ta hana amfani da baƙin fuskoki a tallar da ake nufin 'yan ƙasar da ita. Ita ma Nijar ta daɗe a fagen, tun da Alphadi ya kafa bikin FIMA a hamadar Tigidit ta jihar Agadas a 1998, shekarar da Oluchi Onweagba ta Legas ta ci gasar Fuskar Afirka har ta sami shiga kamfanin Elite.

Saura maganar gida da ta addini, wadda a wurin iyali da yawa ita ce ta farko. Malamai da dama ba su yarda mace ta fito da fuskarta domin talla ba, kuma a Kano hukumar Hisba ta kai ga hana teloli da masu kantuna ajiye gumakan nuna tufafi a 2021. Waɗansu iyayen sukan yarda da tallar abaya ko ta hannu kaɗai, waɗansu kuma da sharaɗin a yanke fuska daga hoton, abin da kantunan abaya da yawa dama suke yi. Halima Aden ta sa an rubuta mata a yarjejeniyarta da IMG cewa ba za ta cire hijabi ba, kuma za a keɓe mata wurin sauya kaya. Duk da haka a watan Nuwamba na 2020 ta bar dandamali, ta ce a hankali masu shirya ta sun riƙa rage lulluɓin suna sauya masa kama, har wani lokaci aka ɗora mata wandon jins a ka a maimakonsa, kuma aikin yana sa ta rasa salla a kan lokaci. Daga baya ta koma aiki da Modanisa, wani kamfanin Turkiyya mai sayar da suturar matan Musulmi.